Darasin Ƙididdiga: Gwajin Kai-Sikwaya Da Amfaninsa Ga 'Yan Kasuwa

Ɗan kasuwa ba ya rabuwa da yanke hukunci a kan rukunan jama'a da na kaya. Babban dila yana so ya san ko masu kawo wanda zai tsaya musu sun fi sauran cika alkawarin biyan bashi. Mai masana'anta yana so ya san ko kayan da ma'aikatan dare suka sarrafa sun fi na rana yawan aibu. Manajan banki kuwa yana tambayar ko irin sana'ar mai neman rance tana da nasaba da yadda yake biya. Waɗannan tambayoyi duka uwarsu ɗaya, wato shin akwai dangantaka ta gaskiya tsakanin sifofi biyu, ko kuwa bambancin da ake gani a littafin lissafi arashi ne kawai?

Kuskure a kan wannan tambaya yana da tsada ta kowace fuska. Wanda ya tsaurara sharuɗɗa saboda bambancin da arashi ya haifar zai kori abokan ciniki nagari a banza. Wanda kuma ya yi watsi da bambanci na haƙiƙa zai ci gaba da zuba jarinsa inda ba zai dawo ba. Masana ilmin ƙididdiga suna da ma'auni na warware irin wannan matsala, shi ne gwajin kai-sikwaya, kuma duk mai iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa zai iya aiki da shi.

Asalin gwajin

Baturen Ingila Karl Pearson, malami a wata kwalejin Jami'ar Landan, shi ne ya fito da wannan gwaji a shekarar 1900. Sunan ya samo asali daga wani harafin Girkanci, χ, wanda ake furta shi "kai", sa'an nan "sikwaya" tana nufin ninka adadi da kansa. Saboda haka ne ake rubuta alamarsa χ². A shekarar 1922 wani masanin, Ronald Fisher, ya gano cewa akwai gyara a yadda Pearson yake ƙirga abin da ake kira matakin 'yanci, aka yi ta muhawara mai zafi tsakaninsu, daga bisani ra'ayin Fisher ya tabbata, kuma da shi ake aiki har yau.

Irin bayanan da gwajin ya dace da su

Bayanan kasuwanci iri biyu ne. Akwai na awo, kamar nauyin buhu, ko kuɗin da aka samu a wata, ko shekarun mutum. Akwai kuma na rukuni, inda ake jefa kowane mutum ko kaya cikin aji guda: ya biya ko bai biya ba, mai aibu ko lafiyayye, ɗan sari ko mai sayen ɗai-ɗai. Gwajin kai-sikwaya na bayanan rukuni ne. Abin da yake ci shi ne ƙidayar kawuna, wato mutum nawa ko kaya nawa suka faɗa cikin kowane aji.

Misali na farko: bashi da mai tsayawa

A ɗauka wani babban dilan atamfa ya ba ƙananan 'yan kasuwa 200 kaya bashi cikin shekara guda. Alƙaluman da ke tafe na misali ne, an tsara su domin sauƙin lissafi. Daga cikin mutanen, 120 sun kawo wanda ya tsaya musu, 80 kuma an ba su bisa amana kawai. Da shekara ta ƙare sai littafin ya nuna haka:

Masu mai tsayawa: 92 sun biya kan lokaci, 28 sun yi jinkiri, jimla 120.
Marasa mai tsayawa: 48 sun biya kan lokaci, 32 sun yi jinkiri, jimla 80.
Jimlar duka: 140 sun biya kan lokaci, 60 sun yi jinkiri, jimla 200.

Wannan shi ake kira jadawalin gicci, domin sifofi biyu ne suka gitta juna. Yana da layukan kwance biyu da layukan tsaye biyu, waɗanda suka ba da gidaje huɗu. Adadin da ke cikin kowane gida shi ne adadin zahiri. A ido, kusan kashi 77 cikin 100 na rukunin farko sun biya kan lokaci, alhali na biyu kashi 60 ne cikin 100. Bambanci ne na kusan kashi 17. Abin da ya rage shi ne a gane ko ya kai girman da za a dogara da shi.

Mataki na ɗaya: zaton rashin dangantaka

Ana fara gwajin da ƙaddara cewa babu wata dangantaka ko kaɗan, wato samun mai tsayawa da rashinsa duk ɗaya ne wajen biya. Wannan zato kamar wanda ake tuhuma ne a gaban alƙali: ana ɗaukarsa mai gaskiya har sai hujja ta rinjaye shi. Aikin lissafin shi ne auna ƙarfin hujjar da alƙaluma suka kawo a kansa.

Mataki na biyu: adadin tsammani

In da zaton gaskiya ne, da kowane rukuni ya biya gwargwadon yadda jama'ar duka suka biya. Tun da 140 cikin 200 ne suka biya kan lokaci, wato kashi 70 cikin 100, sai a yi tsammanin kashi 70 daga kowane ɓangare. Ƙa'idar ita ce a ninka jimlar layin kwance da jimlar layin tsaye, a raba da jimlar duka.

Masu mai tsayawa da suka biya: 120 × 140 ÷ 200 = 84.
Masu mai tsayawa da suka yi jinkiri: 120 × 60 ÷ 200 = 36.
Marasa mai tsayawa da suka biya: 80 × 140 ÷ 200 = 56.
Marasa mai tsayawa da suka yi jinkiri: 80 × 60 ÷ 200 = 24.

Hanyar tabbatar da cewa ba a yi kuskure ba ita ce a tara adadin tsammani, dole ne ya ba da jimlar da aka fara da ita: 84 da 36 sun zama 120, 56 da 24 kuma sun zama 80.

Mataki na uku: auna tazara

A kowane gida ana ɗebe adadin tsammani daga adadin zahiri, a ninka abin da ya rage da kansa, sa'an nan a raba da adadin tsammani. A wannan misali tazarar 8 ce a kowane gida, a wasu ƙari, a wasu ragi, kuma 8 sau 8 ya ba da 64.

Gida na ɗaya: 64 ÷ 84 = 0.76.
Gida na biyu: 64 ÷ 36 = 1.78.
Gida na uku: 64 ÷ 56 = 1.14.
Gida na huɗu: 64 ÷ 24 = 2.67.

Jimlarsu ita ce kai-sikwaya, wato 6.35.

Kowane ɓangare na wannan lissafi yana da dalilinsa. Ana ninka tazara da kanta ne domin in ba haka ba ƙari da ragi za su cinye juna, jimla ta zama sifiri ko yaushe. Ana kuma rabawa da adadin tsammani ne domin tazarar mutum 8 a inda ake tsammanin 24 ta fi nauyi a kan tazarar mutum 8 a inda ake tsammanin 84, kamar yadda asarar naira dubu ta fi yi wa mai tebur ciwo a kan mai kanti.

Mataki na huɗu: matakin 'yanci

Jadawali mai gidaje da yawa yakan tara kai-sikwaya babba ko da babu wata dangantaka, don haka dole a yi la'akari da girmansa. Ana ɗebe ɗaya daga yawan layukan kwance, a ɗebe ɗaya daga yawan layukan tsaye, a ninka su. A nan 1 sau 1 ne, matakin 'yanci ya zama 1. Ma'anar haka a fili take: muddin an san jimlolin gefe, da zarar an cike gida ɗaya da 92, sauran ukun ba su da zaɓi, dole su zama 28 da 48 da 32.

Mataki na biyar: hukunci

Ana gwada sakamakon da wani haddi da ke cikin jadawalin kai-sikwaya, wanda akan samu a ƙarshen littattafan ƙididdiga. Ga kaɗan daga ciki:

Matakin 'yanci 1: haddin kashi 5 cikin 100 shi ne 3.84, na kashi 1 cikin 100 kuma 6.63.
Matakin 'yanci 2: 5.99 da 9.21.
Matakin 'yanci 3: 7.81 da 11.34.
Matakin 'yanci 4: 9.49 da 13.28.

Tun da 6.35 ta zarce 3.84, sai a yi watsi da zaton rashin dangantaka a haddin kashi 5 cikin 100. Fassarar wannan ita ce, in da babu dangantaka ko kaɗan, arashi kaɗai zai haifar da tazara mai wannan girma ko fiye a ƙasa da sau 5 cikin 100. Amma 6.35 ba ta kai 6.63 ba, saboda haka wanda ya ɗauki haddi mai tsauri na kashi 1 cikin 100 zai ce hujjar ta kusa, sai dai ba ta cika ba. Wajibi ne a zaɓi haddi kafin a fara lissafi, gwargwadon girman asarar da kuskure zai jawo. Wanda ya jira sai ya ga sakamako kana ya zaɓi haddin da ya yi masa daɗi, kansa yake ruɗi.

Dubawa cikin gidajen ma tana da amfani. Gida na huɗu shi ya ba da kaso mafi tsoka, 2.67, wato yawan jinkiri a tsakanin marasa mai tsayawa shi ne babban abin da ya ɗaga sakamakon. Nan ne ya kamata dilan ya sa ido.

Misali na biyu: jirgin ruwan Titanic

A ranar 15 ga Afrilu, 1912, jirgin ruwan Titanic na kamfanin White Star Line ya nutse a tekun Atilantika, a tafiyarsa ta farko daga Ingila zuwa birnin Niyok na Amurka. Alƙaluman fasinjoji da aka samo daga binciken hukumomin Birtaniya sun zama sanannen misali a darussan ƙididdiga:

Masu tikitin aji na ɗaya: 203 sun tsira, 122 sun mutu, jimla 325.
Masu aji na biyu: 118 sun tsira, 167 sun mutu, jimla 285.
Masu aji na uku: 178 sun tsira, 528 sun mutu, jimla 706.

Fasinjoji 499 ne suka tsira cikin 1,316, wato kimanin kashi 38 cikin 100. In da ajin tikiti ba shi da nasaba da tsira, da an yi tsammanin kimanin mutum 123 su tsira a aji na ɗaya, 108 a na biyu, 268 a na uku. A zahiri aji na ɗaya ya zarce tsammani da kusan mutum 80, aji na uku kuwa ya gaza da kusan 90. Idan aka bi matakan da suka gabata a gidaje shida, kai-sikwaya tana kaiwa kimanin 133. Layukan kwance uku ne, na tsaye biyu, don haka matakin 'yanci 2 sau 1 ne, wato 2, haddinsa mai tsauri kuma 9.21. Tazarar da ke tsakanin 133 da 9.21 ta isa ta nuna cewa maganar arashi ba ta taso ba. Kimanin kashi 62 cikin 100 na aji na ɗaya sun tsira, kashi 41 na aji na biyu, kashi 25 kacal na aji na uku.

Yawan samfur da ƙarfin dangantaka

Girman kai-sikwaya yana tafiya da yawan mutanen da aka ƙirga. A koma ga dilan atamfa. In da abokan cinikinsa 50 ne, gidajen kuma suka kasance 23 da 7 da 12 da 8, da kason kowane rukuni bai canza ba, amma kai-sikwaya za ta sauko zuwa 1.59, wadda ba ta kai 3.84 ba. In da kuwa 2,000 ne a kan wannan kaso, da ta haura zuwa 63.5. Darussa biyu ke nan. Na farko, gazawar sakamako ga kai haddi ba ta tabbatar da cewa babu dangantaka ba, mai yiwuwa ne samfurin ya yi kaɗan. Na biyu, a samfur mai yawan gaske ko bambanci ɗan ƙanƙane, wanda bai kai a sauya tsarin kasuwanci saboda shi ba, zai iya zarce haddi.

Domin auna ƙarfin dangantakar kanta akwai ma'aunin da masanin ƙasar Suwidin Harald Cramér ya bayyana a 1946, wanda yake tashi daga sifiri zuwa ɗaya. A jadawalin da ɗaya daga cikin sifofinsa ke da rukuni biyu, ana raba kai-sikwaya da jimlar mutane, a nemi tushen murabba'in abin da aka samu. Na dilan atamfa ya ba da 0.18, ko mutum 50 ne ko 2,000, na Titanic kuma 0.32. Ke nan dangantakar da ke tsakanin mai tsayawa da biyan bashi tana nan, amma ba mai ƙarfi ba ce sosai.

Sharuɗɗan da ba a ƙetarewa

Na ɗaya, da ƙidayar kawuna ake lissafi. Wanda ya zuba kaso cikin ɗari ko jimlar kuɗi a gidajen jadawali zai sami sakamako marar ma'ana.

Na biyu, kowane mutum ko kaya ya shiga gida ɗaya tak, sau ɗaya tak. Idan ɗan kasuwa guda ya karɓi bashi sau goma aka ƙirga shi a matsayin mutum goma, an kumbura samfurin da ƙarya, domin halin mutum ɗaya ne aka maimaita.

Na uku, adadin tsammani kada ya yi ƙanƙanta. Ƙa'idar da William Cochran ya shimfiɗa a 1954 ita ce kada wani gida ya gaza 1, kuma gidajen da suka gaza 5 kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na duka. In aka saɓa wa haka, sai a haɗe rukunan da suka yi kama da juna, ko a ƙara samfur, ko a koma ga gwajin Fisher wanda ya dace da ƙananan adadi. A jadawali mai gidaje huɗu wasu kan yi aiki da gyaran da Frank Yates ya kawo a 1934, inda ake rage rabi daga kowace tazara kafin a ninka ta. A misalin dilan, 8 za ta koma 7.5, sakamakon kuma ya zama 5.58, wanda har ila yau ya zarce 3.84.

Na huɗu, samfurin ya wakilci jama'ar da ake magana a kansu. Binciken da aka yi a kan abokan cinikin reshe ɗaya ba zai zama hujja a kan sauran rassa ba.

Na biyar, a yi hattara da yawan gwaje-gwaje. Wanda ya gwada sifofi 20 da babu ruwansu da biyan bashi, a haddin kashi 5 cikin 100, ya sa rai ɗaya daga cikinsu za ta zarce haddi bisa arashi kawai.

Dangantaka daban, sanadi daban

Babban tarkon da ke cikin wannan gwaji shi ne ɗaukar dangantaka a matsayin sanadi. Abin da ya faru a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973 ya isa ishara. A waccan shekara maza 8,442 da mata 4,321 suka nemi gurbin karatun gaba da digirin farko, aka ɗauki kimanin kashi 44 cikin 100 na mazan da kashi 35 na matan. Da irin wannan yawa, bambancin ya zarce kowane haddi, kuma a fuska ya yi kama da nuna wariya. Amma da Peter Bickel da abokan aikinsa biyu suka rarraba alƙaluman sashe-sashe, a binciken da suka buga a 1975, sai hoton ya sauya. A huɗu daga cikin manyan sassa shida, kason matan da aka ɗauka ya fi na maza. Abin da ya faru shi ne mata sun fi neman sassan da ake cunkoso, inda ake ɗaukar kaɗan daga kowane jinsi, maza kuwa sun fi neman sassan da ƙofarsu ke da faɗi. Sifa ta uku, wato sashen da aka nema, ita ce ta ɓuya a bayan jimlar. Ana kiran irin wannan juyi da sunan Edward Simpson, wanda ya yi bayaninsa a 1951.

Haka nan dilan atamfa ya kamata ya tambayi kansa: su wane ne ke iya samun mai tsayawa? Idan akasarinsu waɗanda suka daɗe a kasuwa ne, masu jari da suna, to mai yiwuwa daɗewar ce ke sa su biya, mai tsayawar kuma alama ce kawai ta wannan daɗewa. In haka ne, tilasta wa sabon shiga ya kawo mai tsayawa ba lallai ya gyara biyansa ba. Maganin wannan shi ne a raba littafin gida biyu, tsofaffin abokan ciniki daban, sababbi daban, a yi gwajin a kowane ɓangare. Idan dangantakar ta tsaya a duka biyun, hujja ta ƙara ƙarfi. Idan ta ɓace, an gano inda gizo ke saƙa. Hanya mafi inganci kuwa, ga wanda yake da hali, ita ce ya yi ƙuri'a tsakanin sababbin masu neman bashi, a nemi mai tsayawa daga wasu, a ƙyale wasu, sa'an nan a gwada sakamakon bayan wa'adi ya cika, domin ƙuri'a tana daidaita ɓoyayyun sifofi a ɓangarorin biyu.

Abin da ake bukata domin farawa

Lissafin kansa ba shi ne wahala ba, na'urar lissafi ta hannu ta wadatar, kuma manhajar Excel tana da umarnin CHISQ.TEST wanda ake ba shi adadin zahiri da na tsammani, ya fitar da kason yiwuwar arashi kai tsaye. A misalin dilan zai ba da kimanin 0.012, wato ɗan sama da kashi 1 cikin 100, daidai da abin da jadawalin haddi ya nuna. Abin da yawanci ke ƙaranci shi ne rubutaccen bayani. Kamfani ko shagon da yake son cin moriyar wannan gwaji sai ya tanadi littafi mai layi guda ga kowane abokin ciniki, a rubuta rukuninsa, da tsawon hulɗarsa da gidan, da sharaɗin da aka ba shi kaya a kai, da ranar da ya biya. Ya kuma tsai da ma'anar kowane rukuni tun farko, misali kwana nawa ne bayan wa'adi za a kira jinkiri, kada a sauya ta a tsakiyar shekara. Da irin wannan littafi, a ƙarshen kowace shekarar ciniki za a iya zana jadawalin gicci cikin sa'a guda, a san sharaɗin da ya cancanci a riƙe da wanda ya kamata a sassauta.